Yaro Mai Faɗa: A Ji Ta Gida, A Ji Ta Makaranta

Yau zan yi muku magana a kan wani abu da a kan kawo mana ɗakin shan magani, ko da ya ke ba mu da ƙwayarsa a cikin kwalba, watau yaro mai faɗa.

Kwanan baya wani dattijo ya zo mini da ɗansa, yaro ɗan shekara 8. Bai ko zauna ba ya ce, "Malam, ka ba shi maganin da zai kwantar masa da zuciya. Sau uku ke nan hedimasta yana aiko mini. Jiya ya fasa wa wani yaro baki, an ce in ya ƙara za a kore shi. Na doke shi har na gaji."

Na ce, "Baba, zauna tukuna. A gida fa, haka ya ke yi?"

Ya ce, "Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. A gida ko ƙanensa ba ya taɓawa. Ni ina tsammani malamin ne ba ya son sa."

To, jama'a, wa ya yi gaskiya, uban ko malamin? Ku riƙe wannan tambaya, za mu komo mata.

FAƊA BA IRI ƊAYA BA NE

Kowa ya sani zafin jiki ba cuta ɗaya ba ce. Wani na cizon sauro ne, wani na taifot, wani kuwa ƙyanda ce ke shirin fitowa. In aka ba mai taifot maganin cizon sauro, an yi hasarar kuɗi, mai ciwo kuma yana nan kwance. Haka faɗan yara ya ke. Yaro biyu su kan kai duka iri ɗaya, amma abin da ya sa kowannensu ya ɗaga hannu dabam ne, maganinsa ma dabam.

Sai dai akwai wuya ɗaya. Zafin jiki muna da ma'auninsa, cizon sauro kuma mu kan huda yatsa mu ɗiga jini mu gani. Faɗa ba shi fitowa a jini. Yaron da ya fasa wa wani baki jiya, in aka kawo shi gabana yau, sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru kamar ba shi ba. Saboda haka ma'auninmu a nan shi ne bakin mutanen da su ke zaune da shi kullum, iyayensa da malaminsa.

A FARA DA SHEKARUNSA

Tambaya ta farko ita ce, shekarunsa nawa? Wani masani a birnin Montreal na ƙasar Kanada, mai suna Richard Tremblay, shi da abokan aikinsa sun bi yara masu yawa tun suna jarirai har suka girma, suna tambayar uwayensu lokaci lokaci. Suka ga cewa ɗan Adam ya fi yawan duka da cizo da ture wajen shekara 2 zuwa 3. Daga nan abin ya kan riƙa raguwa ga yawancin yara, domin baki ya buɗe, yaro ya iya cewa "ba ni" da "bari", ya kuma koyi jira. Kaɗan ne su ke ɗorewa da shi har su girma.

Don haka in ɗan yaye ya ciji yayarsa a kan ƙosai, a hana shi, a koya masa, amma kada a ce an haifi mugu. Wanda ya kamata a lura da shi shi ne yaron da ya kai shekara 6 ko 7, sa'o'insa sun rage, shi kuwa bai rage ba, ko ma yana ƙaruwa.

IRI UKU NA FAƊA

A shekarar 1987 wasu masana biyu a Amurka, Kenneth Dodge da John Coie, suka shirya 'yan tambayoyi don malaman makaranta su amsa a kan ɗalibansu. Da waɗannan tambayoyi suka rarrabe faɗa iri biyu.

Na farko shi ne faɗan zafin rai. Wannan yaro ba ya shirya faɗa, faɗan ne ke auko masa. An tsokane shi, ko an taka shi, ko yana tsammani an yi masa dariya, nan da nan jiki ya ɗauki rawa, ido ya yi ja, ya kai hannu, ko da wanda ya ke duka ya fi shi ƙarfi. Bayan haka sau da yawa ya kan yi kuka. In ka tambaye shi sai ya ce, "Shi ya fara." An lura irin wannan yaro ya kan ɗauki kuskure a kan ganganci. In wani ya bangaje shi a wajen rijiya ba da nufi ba, shi a ransa da gayya aka yi. Galibi sa'o'insa su kan guje shi, ya zauna ba aboki, ga ɓacin rai. An kuma samu cewa da yawa daga cikin irinsu sun sha duka mai tsanani tun suna ƙanana.

Na biyu shi ne faɗan cin zali. Wannan yaro ransa a kwance ya ke. Ya ga abin da ya ke so, kuɗin tara na wani, ko wurin zama, ko dai a ji tsoronsa, ya kuma gane ƙarfi ya kan kawo masa. Ya kan zaɓi wanda ya fi ƙarfi, ya duba ko babba yana kallo, wani lokaci ma ba shi zai yi dukan ba, yara zai tara su yi masa. Ba lalle ne ya rasa abokai ba, ya kan zama shugaban 'yan uwansa. In ba a tare shi da wuri ba, shi ne aka fi jin tsoron ya zarce zuwa sata da ƙwace in ya balaga.

Iri na uku an ba shi suna a shekarar 1995, sa'ad da Nicki Crick da Jennifer Grotpeter suka rubuta a kansa, su ma a Amurka. Shi ne faɗan da babu hannu a ciki, faɗan wariya. "Kada kowa ya yi wasa da ita." "In kika yi mata magana mun ɓata." A ƙulla wa yarinya ƙarya, a raba ta da ƙawayenta. Ba jini, ba kumburi, saboda haka manya ba su cika gani ba, amma yarinyar da a ke yi wa ta kan ƙi zuwa makaranta, ta ce cikinta na ciwo kullum da safe. Da fari an ɗauka aikin 'yan mata ne. Da aka tattara bincike masu yawa a shekarar 2008, sai aka ga maza ma suna yi kusan daidai da mata.

Ku lura da abu ɗaya. Yara da yawa suna da na farko da na biyu a haɗe. Abin da mu ke nema shi ne wanne ya rinjaya, a ina, kuma da wa.

DON ME A KE TAMBAYAR GIDA DA MAKARANTA?

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Uwa ta san barcin ɗanta da cinsa, ta san ciwon da ya yi, ta san abin da ke faruwa a tsakar gida. Amma ba ta ganinsa cikin sa'o'insa arba'in ko sittin, inda tilas ya jira, ya bi layi, ya jure tsokana. Malami shi ke ganin wannan, kuma ya ga ɗaruruwan yara masu shekarunsa, ya san wanda ya wuce kima. Shi kuma bai san ko yaron ya kwana da yunwa ba, ko an yi rikici a gidansu da dare.

A shekarar 1987 ɗin nan dai, wani masani mai suna Thomas Achenbach da abokan aikinsa biyu suka tattara bincike 119, don su ga yadda bakin masu ba da labarin halin yara ke haɗuwa. Ku ɗauka akwai ma'auni daga 0 zuwa 100, inda 100 ke nufin baki ya zo ɗaya sarai, 0 kuwa babu haɗi ko kaɗan. Mutane biyu da ke ganin yaro a wuri ɗaya, kamar uwa da uba, sun kai wajen 60. Waɗanda ke ganinsa a wuri dabam dabam, kamar iyaye da malami, wajen 28 kawai. Yaron da kansa da manya kuwa, wajen 22.

Kun ga ashe saɓanin uba da malami ba abin mamaki ba ne, haka ya ke a ko'ina. Ba lalle ne wani ya yi ƙarya ba. Yaro ya kan canza hali bisa ga wurin da ya ke, kamar yadda ku ma halinku a kasuwa dabam ne da halinku a gaban surukai.

YADDA A KE TAMBAYA

Likitoci suna da takardun tambaya da aka shirya don wannan aiki. Ɗaya da a ke amfani da ita a ƙasashe da yawa, wani likita a Landan mai suna Robert Goodman ya fito da ita a shekarar 1997. Tambaya 25 ce, akwai ta iyaye, akwai ta malami. A kan tambayi halin yaro cikin wata 6 da suka wuce, kowace tambaya kuma amsarta uku: ba haka ba ne, da ɗan dama, ko lalle haka ne. Tana tambayar kyawawan halayensa ma, kamar taimako da rabon abu da 'yan uwa. Wannan takarda ba ta yanke hukunci, tana nuna wanda ya kamata a ƙara dubawa ne kawai.

Ko babu takarda, ku ma kuna iya yin aikin nan a ƙauye. Ku yi mako 2 kuna lura, a gida da makaranta, kowa da nasa. Wanda ya iya rubutu ya rubuta, da boko ko da ajami. Wanda bai iya ba ya sami gwangwani, duk ran da aka yi faɗa ya jefa tsakuwa ɗaya. Ga abin da za ku lura da shi:

1. Me ya faru kafin ya ɗaga hannu? An tsokane shi, ko shi ya je ya tarar da mutum?
2. Yaya fuskarsa da jikinsa su ke a lokacin, yana huci da kuka, ko ransa a kwance?
3. Wa ya ke yi wa, kowa da kowa, ko ƙanana da marasa ƙarfi kaɗai?
4. Me ya samu bayan faɗan? Abinci, kuɗi, wurin zama, ko ba kome sai bulala?
5. In babba yana tsaye, ya kan fasa, ko ba ya ko ganinsa?
6. Sau nawa a mako, da wane lokaci, kuma tun yaushe aka fara?
7. Akwai yaron da a ke warewa a wajen wasa? Wa ke ba da umurnin a ware shi?

Ku faɗi abin da ido ya gani. "Ba ya jin magana" da "mugu ne" ba su taimake mu da kome ba. "Ran Talata ya jefi ƙanwarsa da ludayi don ta sha masa kunu", wannan magana ce da za a yi aiki da ita.

A tambayi kowa shi kaɗai, kada a haɗa uba da malami a gaban yaro su yi ta musu. In ɗan fari ne, kun san uwa ta kan ji kunyar maganarsa, har sunansa ba ta kamawa. To, a tambayi kakarsa ko gwaggonsa, ko duk wadda ke riƙonsa. In yana zuwa makarantar allo ko Islamiyya, a ji ta bakin malamin can ma. Shi kansa yaron a zaunar da shi a ji tasa, ba da bulala a hannu ba, domin faɗan wariya da cin zalin bayan makaranta yara sun fi manya saninsu.

Mu kuma masu tambaya mu kan tuna cewa mai ba da labari mutum ne. Uwar da ta gaji, ko ranta ke ɓace, ta kan ga laifin yaro ya fi yadda ya ke. Uba ya kan rage don kare sunan gida. Malami kuma in yaro ya riga ya yi suna, kowane faɗa aka yi a aji sai a ce shi ne.

IN MAGANARSU TA SAƁA

Saɓanin nan shi kansa labari ne. In faɗan a makaranta kaɗai ya ke, a duba makarantar: ko ana tsokanarsa, ko karatun ya fi ƙarfinsa yana jin kunya, ko ba ya ji ko ba ya gani sosai. In a gida kaɗai ya ke, a duba gidan: ko an yi sabuwar haihuwa, ko an rabu da uwarsa, ko ana nuna bambanci tsakanin 'ya'yan ɗakuna, ko yana ganin manya suna dukan juna. In kuwa gida da makaranta duka sun ce haka ya ke, kuma an fi wata 6 ana fama, to, abin ya yi nauyi, a kawo shi a duba.

A DUBA JIKINSA

Wani faɗan daga ciwo ya ke tasowa. Ku gaya mana in yaro yana da ɗaya daga cikin waɗannan: kunne mai zubar da ruwa ko rashin ji, farfaɗiya, ko ɗaukewar hankali na ɗan lokaci, canjin hali bayan sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani wanda ya kai ga suma, ko faɗuwa a ka, rashin barci, zuwa makaranta ba karin kumallo. Ga manyan yara kuma, a lura da shaƙar sholisho da shan ƙwaya.

Ku da ke wuraren haƙar zinariya, ku ƙara kula. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Dalma ko ba ta kashe yaro ba, ta kan taɓa ƙwaƙwalwarsa, ta rage masa fahimta, ta sa shi rashin natsuwa da saurin fushi. Wannan kam a jini a ke ganinta.

Kada ku jira mako 2 in yaro ya ɗauki wuƙa ko wani makami a kan mutum, ko yana azabtar da dabbobi don jin daɗi, ko yana cinna wuta da gangan, ko yana maganar kashe kansa. Ku zo nan da nan. Abin da ya fi ƙarfinmu mu kan tura shi babban asibiti, wurin likitan da ya san ƙwaƙwalwar yara. Zuwa can ba ya nufin ɗanku ya haukace.

ABIN DA ZA A YI

Mai zafin rai yana bukatar a kwantar da shi. In ya hau, a janye shi daga wurin, a bar shi ya huce, sa'an nan a yi magana. A koya masa ya gane alamar fushi a jikinsa, ya ja da baya, ya je ya gaya wa babba. A riƙa tambayarsa, "Kana tsammani da gangan ya yi, ko kuskure ne?" A kuma hana masu tsokanarsa, domin ba daidai ba ne a hori wanda ya rama a ƙyale wanda ya fara.

Mai cin zali kuwa, a tabbata zaluncin bai biya shi ba. Abin da ya ƙwace ya mayar da hannunsa, ya rasa wani abin da ya ke so na ɗan lokaci, kuma dokar ta zama ɗaya a gida da makaranta, yau da gobe. A sa masa ido, a san abokansa. Tun da yana son shugabanci, a ba shi aikin da zai sami girma ta hanyar kirki, a yabe shi a gaban mutane ran da ya yi daidai.

Mai wariya a nuna masa an gani, kuma laifi ne kamar duka. Malami ya riƙa raba yara rukuni rukuni da kansa, don kada a bar kowa a gefe.

Na san wani zai ce, bulala fa? A shekarar 2016 aka tattara binciken shekara 50 wanda ya shafi yara fiye da 160,000, aka ga yaran da a ke duka sun fi zama masu faɗa. Mai zafin rai bulala ta kan ƙara tabbatar masa kowa maƙiyinsa ne. Mai cin zali kuwa ta kan koya masa darasin da ya riga ya haddace, watau mai ƙarfi shi ke da gaskiya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma da hannu a ke tanƙwarawa a hankali, in aka sa ƙarfi karyewa ya ke yi.

YARON DA MUKA FARA DA SHI

Na roƙi dattijon nan ya ajiye bulala mako 2, na kuma aika wa malamin da tambayoyin da na karanta muku. Malamin ya yi ƙoƙari, ya rubuto. Sau 5 aka yi faɗa, duka a cikin aji ko a layi, ko sau ɗaya yaron bai ƙwaci kome ba. Kowane karo wani ne ya zo ta bayansa ya taɓa shi ko ya ja masa riga, kuma yara suna kiransa kurma. Kakarsa ta ce tun yana ɗan shekara 4 kunnensa na hagu ke ruwa, a gida kowa ya saba ya tsaya a gabansa ya ɗaga murya. Na duba kunnen, na tarar da ruwa a ciki.

Ashe uban ya yi gaskiya, malamin ma ya yi gaskiya, kowa rabin labarin ke hannunsa. Muka yi maganin kunnen, na tura shi babban asibiti a auna jinsa. Malamin ya komo da shi layin gaba, ya hana sunan nan. Faɗan bai ɗauke rana ɗaya ba, amma ya ragu ƙwarai, yaron kuma yana nan a makarantarsa.

To, jama'a, in an aiko muku daga makaranta, kada ku tafi da faɗa, kada kuma ku huce a kan yaro. Ku je ku gaisa da malam, ku tambaye shi me ya gani, ku gaya masa abin da ku ke gani a gida. In abin ya ɗaure muku kai, ku zo ɗakin shan magani da yaron da labarin duka biyu.

Sai mako mai zuwa war haka. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuriya.